Amsa ga mai neman sayen madubin hangen taurari na farko

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga wani madubin hangen nesa mai araha a kasuwar intanet, an rubuta a jikin kwalinsa wai yana girmama abu sau 525, kana tambaya ko ya dace da mai koyo. Shawarata, riƙe kuɗinka tukuna.

Wannan lamba ta jikin kwali talla ce kawai. Abin da ake saye a madubi shi ne faɗin bakinsa, domin shi ke tara haske. A bisa ƙiyasin da masu harkar ke bi, iyakar girmamawar da za ta yi amfani ita ce ninki biyu na faɗin bakin a milimita. Mai baki milimita 60 ke nan ba zai wuce 120 ba, abin da ya haura haka sai dishi-dishi. Ga kuma ƙafafun irin waɗannan, siraran gwangwani ne, iska kaɗan ta kaɗa sai abin da kake kallo ya yi ta rawa har ranka ya ɓaci. Na san waɗanda irinsa ya sa suka bar harkar gaba ɗaya.

In aljihu zai ɗauka, nemi samfurin Dobson mai baki milimita 150 ko 200. John Dobson ne ya yaɗa shi a Amurka: bututu ne mai madubi a gindi, zaune kan akwatin katako, da hannu kake tura shi sama ko gefe. Ba batir, ba saiti mai wahala. Yawancinsu tsawon tattara haskensu milimita 1200 ne, kuma suna zuwa da gilasai biyu da ake sa ido a leƙa ta cikinsu, na milimita 25 da na 10. Don sanin girmamawarsu, raba 1200 da 25, ka samu sau 48; da 10, ka samu sau 120. Fara da na 25 koyaushe, shi ne mai fili, abu ba ya saurin ɓace maka. In kuɗin bai kai ba, madubin hannu mai ido biyu, 10x50 (mai girmama abu sau 10, baki milimita 50), ya fi wancan na kwali nesa ba kusa ba. Da shi kaɗai Kaza da 'Ya'yanta za su ba ka mamaki.

Ranar da ya iso, kada ka jira dare. Da la'asar auna wani abu mai nisa, kamar kan hasumiyar masallaci, ka daidaita ɗan ƙaramin manuni na gefe har su kalli wuri ɗaya da babban. Za ka ga hoton a kife, ba lalacewa ba ce, haka yake. Amma rana, ko da wasa kada ka nufe ta, kuma kada ka bar shi a tsakar gida yara na wasa. A ƙiftawa ɗaya take kashe ido.

Fara da wata, amma ba daren sha huɗu ba, lokacin haske ya yi yawa, komai ya baje. Bakwai ko takwas ga wata shi ne lokacinsa. Bi layin da ya raba haske da duhu, nan inuwa ke fito da ramuka da duwatsu ɓaro-ɓaro. Daga nan sai Mushtari (duniyar Jupiter) da watanninsa huɗu da Galileo ya gano a 1610. Duba yau, duba gobe, za ka tarar sun sauya wuri. Zuhal (duniyar Saturn) kuwa sau 50 ma ya isa ka ga zobensa, ƙanƙani ne amma tsaf. Zara matar wata tana cika tana raguwa kamar watan kansa. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda kowanne yake. Sai dai ka cire rai da launukan da kake gani a hotunan NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka; gajimaren Orion, wato tarin iskar gas da ƙura a cikin taurarin Orion, da idonka toka-toka zai fito.

Mu nan muna da gata da ba kowa ya lura da shi ba. Kano na kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, saboda haka muna ganin taurarin arewa da mafi yawan na kudu. A watan Afrilu da Mayu, dubi kudu ƙasa-ƙasa ka nemi dunƙulen taurarin Omega Centauri, wanda mutanen Ingila ba sa ganinsa sam. Matsalarmu hazon hunturu ne da hadarin damina. A ganina ƙarshen damina, kafin buji ya taso, ya fi kowane lokaci tsabtar sama. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa kuwa, ganima ce.

Ka ba idonka kamar minti 20 ya saba da duhu, ka daina leƙa waya. Ƙura kuma, rufe bakin bututun da zarar ka gama, kuma kada ka goge madubin ciki da tsumma ko bakin riga, zai karce. In ka faɗi ko nawa ka ware, sai mu duba wanda zai yi maka.