Dikin zai iya taɓa kuɗin taimako ba da sanin fasto ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dikin, wato mai hidima a ikkilisiya, zai iya raba kuɗin gwauraye (matan da mazansu suka mutu) fasto bai sani ba. A'a, ya sanar da shi tukuna. Rabon kam aikin dikin ne: a Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 6, an zaɓi mutum 7, har da Istifanus, su kula da abincin gwauraye domin manzanni su samu sararin addu'a da wa'azi.

Amma fasto ne ke shiga gidaje, shi ya san wadda ke kwana da yunwa tana jin kunyar faɗa. A ikkilisiyarmu mun taɓa raba masara buhu 3 lokacin da fasto ya yi tafiya, muka tsallake wata tsohuwa mai riƙon jikoki marayu. Har yau abin yana damuna.