Me ya sa kusan kowane tsibiri a Karebiyan yake da nasa ƙadangaren?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyyar halittu ce a wata makarantar sakandare a Katsina. Kwanaki na ga wani shiri a talabijin inda aka nuno wani baƙin ƙadangare mai doguwar jela, wai a kan ɗan tsibiri guda kaɗai ake samun sa a duk duniya. Da na ba ɗalibaina labari sai suka tsare ni da tambayoyi. Ɗan'uwan jan gwadanmu ne ko na kulɓa? Iri nawa ne? Me ya sa tsibirai maƙwabta ba sa tarayya a iri ɗaya? Kuma wai da gaske ne akwai waɗanda babu namiji a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki gaishe min da ɗaliban nan, sun iya tambaya.

Ba ɗan'uwan jan gwada ba ne, ba kuma na kulɓa ba. Danginsa shi ne wanda masana ke kira Teiidae, kuma kaf dangin nan a nahiyar Amurka suke, daga ƙasar Amurka zuwa Ajantina, haɗe da tsibiran tekun Karebiyan. Babu su a Afirka. Jelar nan tasu siririya mai kama da bulala takan ninka tsawon jiki wajen sau biyu. Saɓar bayansu ƙanana ce tsaba-tsaba, ta ciki kuwa faffaɗa ce mai kusurwa huɗu, a jere layi-layi.

Amma inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen neman abinci. Jan gwada yakan hau katanga ya kafe, yana gyaɗa kai, sai ƙwaro ya gifta ya kai masa cafka. Waɗannan ba su san zama ba. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, sai ki ga ɗaya ya leƙo daga raminsa, ya ɗan sha rana, sannan ya shiga yawo: taku uku, ya tsaya, ya zura harshensa mai baki biyu, ya cusa hanci cikin busassun ganye, ya tona da ƙafafun gaba, ya zaro tsutsa ko gara ko gizo-gizo, ya ƙara gaba. Wannan zirga-zirgar tana buƙatar jiki mai zafi, shi ya sa sukan yi aiki zafin jikinsu na kusa da digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ranar da hadari ya rufe sama da wuya su fito. Ki riƙe abu biyun nan, yawon rana da zaman ƙasa, don su ne suka jawo musu bala'i daga baya.

Batun adadi yana da ɗan ruɗani, kuma laifin masu raɗa suna ne. Idan kika buɗe tsohon littafi za ki ga na Karebiyan a ƙarƙashin sunan Ameiva. A 2016 aka ware na tsibiran aka mayar da su rukunin Pholidoscelis, mai nau'i kusan 20. Akwai kuma rukuni na biyu, Cnemidophorus, wanda yawancinsa a Kudancin Amurka yake da tsibiran da ke gaɓarta. Na Arewacin Amurka an cire su daga cikinsa tun 2002 aka kira su Aspidoscelis. Saboda haka idan littattafai biyu suka ba ki suna biyu, dabba ɗaya ce, shekarar bugu ce ta bambanta.

To yaya ƙadangaren da ba ya tashi sama, ba kuma gwanin iyo ba ne, ya isa tsibirin da ke tsakiyar teku? A kan tarkace. Manyan koguna irin su Orinoco sukan kwaso itatuwa da ciyayi lokacin ambaliya su zuba a teku, igiyar ruwa kuma ta ja su arewa maso yamma. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa kakannin Pholidoscelis daga Kudancin Amurka suka tsallako, miliyoyin shekaru da suka wuce, sannan suka riƙa bazuwa daga wannan tsibiri zuwa wancan. An daɗe ana yi wa wannan bayani kallon shaci-faɗi, har sai da aka gani da ido. A 1995, bayan guguwar Luis da ta Marilyn, masunta a Anguilla suka ga wani curin itatuwa da aka tumɓuke ya doso gaɓa ɗauke da manyan ƙadangarun iguana aƙalla 15, na wani nau'i da a da babu shi a tsibirin. Masaniyar dabbobi Ellen Censky da abokan aikinta suka wallafa labarin a 1998, kuma sun yi hasashen daga Guadeloupe suka taso, tafiyar kusan kilomita 300. Iguana ba ɗan wannan dangin ba ne, amma hanyar ɗaya ce.

Irin wannan tsallakawa ba ta faruwa kullum, kuma nan ne amsar babbar tambayarki take. 'Yan ƙalilan ne ke isa, sai teku ta rufe bayansu. Babu mai zuwa, babu mai komawa. Zuriyarsu ta yi ta auratayya a junanta tsawon dubban ƙarnoni, launi da girma da ɗabi'a suna sauyawa daidai da ƙasar da suka samu, har su zama nau'i mai zaman kansa.

Akwai hujjar da nake so ƙwarai, don ana iya nuna wa ɗalibai ita a taswira. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ruwan teku ya yi ƙasa da na yau da wajen mita 120. Tsibiran da a yau ruwa marar zurfi ya raba su, a lokacin ƙasa ɗaya ce. Anguilla da Saint Martin da Saint Barthélemy haka suke, kuma nau'i ɗaya suke da shi, Pholidoscelis plei. Antigua da Barbuda suna tarayya a griswoldi. Saint Kitts da Nevis da Sint Eustatius suna da mai jan kai, erythrocephalus. Amma Montserrat da Dominica, da ruwa mai zurfi ya kewaye kowannensu, kowa da nasa. Wato ba nisan kilomita ne ke yanke hukunci ba, zurfin ruwan da ke tsakani ne.

Baƙin da kika gani kuwa, ɗaya ne daga cikin uku. Akwai corvinus a Sombrero, wani falalen dutse mai faɗin hekta 38 a arewa maso yamma da Anguilla. Akwai atratus a Redonda, dutsen aman wuta mai tsawon kusan mil guda, mallakar Antigua da Barbuda. Sai corax a Little Scrub, wanda sai a 1992 aka bayyana shi a kimiyyance. Duk ukun baƙaƙe ne wuluk, duk a kan ƙeƙasasshen dutse suke zaune tare da tsuntsayen teku, suna cin ƙwari, da ƙwan tsuntsu, da ragowar kifin da iyaye suka kawo wa 'ya'yansu. Sai dai baƙin bai sa sun zama 'yan ɗaki ɗaya ba. Na Redonda ya fi kusa da na Montserrat mai ɗigo-ɗigo, har an daɗe ana lissafa shi a matsayin reshensa. Masana suna danganta launin da sajewa da duhun dutse da kuma saurin ɗaukar zafin rana. Na Little Scrub ma ya karya ƙa'idar da na ba ki yanzu: tsibirinsa yana kan tudun ƙarƙashin ruwa ɗaya da Anguilla, ga shi kuma ya fita daban. Ki faɗa wa ɗalibai wannan ma, kada su ɗauka ƙa'idar ba ta da togaciya.

A manyan tsibirai abin ya ɗan canza. Hispaniola, inda Haiti da Jamhuriyar Dominika suke, tana da aƙalla nau'i uku: ƙato mai son fili, da matsakaici mai bin inuwa, da wani ɗan mitsitsi mai ratsi-ratsi da shuɗiyar jela a busassun wurare. Kyuba kuwa, duk girmanta, nau'i ɗaya gare ta, auberi, amma an kasa shi rassa wajen 40 idan aka haɗa da na Bahamas. Ni dai ina ɗari-ɗari da irin wannan yawan rassa, don da yawansu a kan launi da ƙirgen saɓa aka gina su tun kafin a iya gwajin ƙwayoyin gado. Ki kwatanta da ƙadangarun anole masu hawa bishiya, waɗanda suka kai nau'i 150 a Karebiyan. Su sun raba bishiya ne hawa-hawa, wani a gindi, wani a reshe, wani a ƙololuwa, don haka da yawa za su iya zama a daji guda. Mai yawo a ƙasa ba shi da wannan sararin. Yawan nau'insa daga rabuwar tsibirai ya fito.

Can kudu, daura da gaɓar Benezuwela, Aruba da Curaçao da Bonaire kowanne da nasa Cnemidophorus. Mazan na Aruba shuɗaye ne shar, mutanen wurin suna ce musu kododo. Abin lura a kansu shi ne sun karkata ga cin furanni da ganye da 'ya'yan itace, abin da ba a saba gani ba a dangin da ya shahara da farautar ƙwari.

Yanzu ga inda labarin ya yi muni. Idan duk wani nau'i a duniya yana kan tsibiri guda, to abin da ya sami tsibirin ya sami nau'in gaba ɗaya. Jiragen ruwan Turawa sun shigo da ɓeraye, ɓeraye suka addabi gonakin rake. A 1872 wani mai gonar rake a Jamaika, W. B. Espeut, ya kawo tunkun Indiya guda 9 don su cinye ɓerayen, daga nan aka yi ta rarraba zuriyarsu zuwa sauran tsibirai. Ɓera da dare yake yawo, yana kuma hawa bishiya. Tunku da rana yake farauta, a ƙasa. Wa zai tarar a ƙasa da tsakar rana? An kai tunku Saint Croix a 1884, kuma rabon da a ga ƙadangaren tsibirin, polops, a babban tsibirin tun 1968. Ya tsira ne a kan wasu 'yan tsibirai da ke gefe inda tunku bai taka ba. Na Guadeloupe da wani ƙato da ake dangantawa da Martinique sun ƙare ƙurmus, sai gawarwakinsu a gidajen adana kayan tarihi. Ba ko'ina tunku ya gama da su ba, a Puerto Rico har yau suna nan da yawa. Amma Dominica, inda tunku bai kafu ba, nata ƙadangaren yana nan birjik.

Na Saint Lucia ya kusa wucewa ba a san da shi ba. Sai a 1958 aka gano shi a tsibiran Maria guda biyu, babban cikinsu bai wuce hekta 10 da ɗoriya ba. Namijin baƙi ne mai fararen ɗigo, da shuɗiyar jela, da rawayan ciki, launukan tutar ƙasar ke nan, shi ya sa mutanenta ke alfahari da shi. Masu kula da gandun daji da gidauniyar Durrell mai ceton namun daji suka ga cewa gobara ɗaya ko ɓeraya mai ciki ɗaya ta isa ta kawo ƙarshensa. Sai suka share ɓerayen tsibirin Praslin, suka kai ƙadangaru 42 can a 1995, suka hayayyafa. Haka aka yi wa na Saint Croix a 2008, aka kwashi 57 zuwa tsibirin Buck. An taɓa gwada kai su can shekaru da dama kafin nan, tunku ya cinye su, sai da aka kawar da shi tukuna.

Aikin kawar da ɓera shi kansa ƙadangaren bakin tulu ne: guba za a zuba a wurin da abin da ake son ceto yake kiwo. Sai an zaɓi abincin tarkon da ƙadangaru ba sa kula shi, an kuma bi kowane lungu, don ɓera biyu suka rage aikin ya tashi a banza. A Redonda, inda aka haƙi takin kashin tsuntsaye har zuwa yaƙin duniya na ɗaya, ɓeraye wajen 6,000 da awaki kusan 60 sun mai da tsibirin tsandauri, duwatsu na ta zubewa cikin teku. A 2017 masu hawan dutse suka rataya da igiya suna ajiye guba a tsagogi, awakin kuma aka ɗauke su da jirgi mai saukar ungulu zuwa Antigua. Cikin 'yan shekaru ciyawa da bishiyoyi suka tsiro, baƙin ƙadangaren ya ninka fiye da sau goma, a 2023 kuma gwamnati ta ayyana wurin a matsayin keɓaɓɓen yanki. A Sombrero an ƙiyasta ƙadangaru ƙasa da 100 suka rage a 2018. Bayan an kawar da ƙananan ɓeraye a 2021 an kuma dasa tsirrai, ƙidayar 2024 ta haura 1,600.

Saura tambayar ƙarshe. E, gaskiya ne, amma ba baƙaƙen nan ba, su suna da maza da mata kamar kowa. A rukunin Aspidoscelis ne abin ya fi yawa, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in mata ne zalla. Asalinsu barbara ce tsakanin nau'i biyu mabambanta, kamar na jihar New Mexico, neomexicanus, wanda jihar ta ɗauka a matsayin alamarta. Macen takan ninka ƙwayoyin gadonta kafin ƙwai ya rabu, saboda haka ƙwan yakan fito da cikakken kaso ba tare da namiji ba, 'yar da aka ƙyanƙyashe kuma kwafin uwarta ce. Amfanin a fili yake, mace guda ta isa ta kafa zuriya. Illar ita ce duk kusan iri ɗaya suke, cutar da ta iya da ɗaya za ta iya da saura. Idan ɗalibai suka nemi misali daga tsibiri, ki ba su Aspidoscelis cozumela, da ke yawo a rairayin gaɓar tsibirin Cozumel na ƙasar Meziko.