Kar ka sa fom ya kori mai saye saboda lambar waya

Ɗana, ka tambaye ni wai ko ka sa fom ɗin biyan kuɗi na shafin sayayyarka ya ƙi duk lambar wayar da ba ta fara da +233, lambar ƙasar Ghana, ba. A'a. Gyaran lamba aikinka ne, ba na mai saye ba. Wata Hajiya a Aboabo za ta rubuta 024 ta bar fili ta ci gaba, wani ya fara da 233, wani ya kwafo ta daga WhatsApp, duk ka karɓa, kai ne za ka share filayen ka cire sifilin farko ko 233 ɗin, in lambobi 9 suka rage shikenan ta wuce. Kuma yana taɓa akwatin lambar, madannan lambobi su fito masa, ba na haruffa ba.

Sannan kar ka rantse cewa 024 dole MTN ce, tun 2011 ake sauya kamfani a Ghana da lamba ɗaya. In ka ga 024 ka zaɓa masa MoMo, asusun kuɗin waya na MTN, amma ka bar shi ya iya komawa Telecel Cash ko AT Money.

Jan rubutun nan naka mai nuna kuskure kuwa, haba, mutum bai gama bugawa ba ka fara yi masa tsawa. Bari sai ya bar akwatin tukun, sannan ka gaya masa a ƙarƙashinsa, lambar ba ta cika ba saura ɗaya. In kuwa kuskure guda ya sa fom ya goge duk abin da ya rubuta, wallahi ya tafi kenan.

Adireshi ma haka. GhanaPost GPS, wato adireshin dijital na Ghana, na nan tun 2017 amma mutum nawa suka haddace nasu? Sa shi, kar ka tilasta. Ba da fili ya rubuta unguwa da kwatance, bayan Babban Masallaci ko kusa da kasuwar Kejetia, dama mai babur sai ya kira waya. Imel da buɗe akawun ka bar su ganin dama.

Kuɗin kai kaya ya gani cikin jimla, da sidi, kuɗin Ghana, kafin ya danna maɓallin biya. Yana dannawa ka kulle maɓallin kar ya biya sau biyu, ka rubuta masa in MoMo ne kuma saƙon neman PIN bai shigo ba ya buga *170#, ya shiga My Wallet, sannan My Approvals. Kuma duk abin da ka tantance a burawuza, wato ɓangaren mai saye, ka sake tantance shi a saba, kwamfutar da ke riƙe da shafin.

Gobe ka zo da ƙaramar wayar itel ɗin nan mu gwada shi a kai.