Tambaya da Amsa: Ina za mu kai yara nutso a teku hankalinmu kwance?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa da fatan alheri ga wanga fili namu. Ni uwar ɗiya huɗu ce nan Birnin Kebbi, babban shekara 14, mai bi mai mace 11, sai mai 8, sai auta 4. Babansu ya yi musu alkawari in sunka gama jarabawa zai kai mu hutu inda ake nutso cikin teku da tukunyar iska a baya irin wanda suke gani a YouTube, tun ran nan ba mu huta ba. Babban ya iya ruwa, don in munka je Argungu wurin kakanninsu kullum yana gulbi da yaran unguwa. Ni ko ban iya ba ko kaɗan, babansu kuma yana shan maganin hawan jini. Dan Allah ina za mu nufa, kuma mi za mu duba kafin mu biya kuɗi? Zuciyata ba ta kwanta ba. Daga wata uwa, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaran nan ya saka wa babansu da alheri. Kin yi daidai da kika tambaya kafin a biya, don yawancin iyalai hoto suke gani su zaɓi wuri, alhali wurin da ya fi kyau a hoto sau da yawa na gwanaye ne, mai zurfi mai jan ruwa. Ku a gidanku auta da ke da ba ki iya ruwa ba, ku ne ma'aunin, duk wurin da bai dace da ku biyun ba a tsallake shi ko da babban zai ɓata rai.

Fara da shekaru, don su za su raba gardama. A tsarin PADI, wadda ita ce ƙungiyar koyar da nutso da za ki fi cin karo da tambarinta a ƙofar cibiyoyin nan, yaro ba ya fara nutso a teku sai ya kai shekara 10. Mai 10 da 11 ba ya wuce zurfin mita 12, kuma sai tare da ƙwararren mai koyarwa ko mahaifi mai satifiket. Daga 12 zuwa 14 in ya yi kwas ya gama zai iya kai mita 18 tare da babba mai satifiket. Kinga kenan babban da mai bi masa sun shiga. Mai shekara 8 akwai shirin yara da ake musu a fulin wanka ko ruwa marar zurfi da bai wuce mita 2 ba, zai saɓa ƙaramar tukunya ya shaƙi iska a ƙarƙashin ruwa ya ji daɗinsa, iyakarsa kenan. Auta kuwa yashi da bakin ruwa da rigar ceto, hannunsa a naki. In wata cibiya ta ce miki ba komai a kawo mai 8 ɗin a shiga teku da shi, ki ɗauki jakarki ku bar wurin, wanda ya karya wannan dokar don kuɗi zai karya sauran.

Sai maganar babban, kuma ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarki. Yaron da ya koyi ruwa a gulbi abin da jikinsa ya sani shi ne ya ja numfashi ya riƙe ya nutsa ya taso, haka masunta da Sarkawa suke yi tun kaka da kakanni, haka ake gasar nutso a bikin kamun kifi na Argungu, kuma daidai ne tunda iskar sama ce a ƙirjinsu. Amma mai tukunya dokarsa ta farko ita ce kar ya taɓa riƙe numfashi. Dalili kuwa, duk mita 10 da mutum ya sauka nauyin ruwa na ƙara matse iska, to iskar da ya shaƙa a mita 10 in ya taso da ita bai fitar ba sai ta kumbura ta ninka biyu kafin ya iso sama, tana iya fasa huhu, kuma ba sai an yi zurfi sosai hakan ke faruwa ba. Ki gaya wa mai koyarwa tun ranar farko cewa yaron nan ɗan gulbi ne ya sa masa ido, shi ma ku zaunar da shi ku faɗa masa iya ruwansa abin alfahari ne amma nan ɗalibi ne sabo fil.

Baban yara kuma kar ya ɓoye maganar hawan jini. Akwai fom na lafiya da kowa ke cikewa kafin a shiga, ana tambayar ciwon zuciya, asma, farfaɗiya, ciwon kunne da sauransu. Ya ga likitansa tun a gida ya karɓo takarda, in likita ya ce a'a to a'a ɗin ce. Mai juna biyu ba ta nutso sam, mai mura ma ya haƙura sai hanci ya buɗe don kunne ba zai daidaita ba in ana sauka.

Toh yanzu ina za ku. Ni dai in iyali ne karon farko Masar nake cewa, bakin Bahar Maliya. Akwai jirgi daga Kano ko Abuja zuwa Alkahira, daga can kamar awa ɗaya a sama zuwa Hurgada ko Sharm el-Shek. Ruwan garau yake kina hango mita 20 har fiye, murjani, wato duwatsun nan masu rai da ke tsirowa a ƙasan teku, da kifaye masu launi suna nan dab da gaɓa ba sai an nausa tsakiyar teku ba, abinci halal ne, ga masallatai. Abin da za ki nema shi ne otal ko cibiya da ke da murjani a gabanta wanda ake shiga da ƙafa daga yashi, ruwan na zurfafa a hankali, a cikin lungun da igiyar ruwa ba ta dukansa. Amfaninsa kina zaune a inuwa da auta kina kallon inda 'yan'uwansa suka shiga, in ya gaji ku koma ɗaki, ba kamar jirgin ruwan da zai ɗauke ku tun safe sai la'asar ba yaro na amai ke kina jiri ba wurin sauka. Garin Dahab, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu a mota arewa da Sharm, ya shahara da irin wannan shiga daga gaɓa kuma ya fi Sharm natsuwa. Can kudu kusa da Marsa Alam akwai lungun Abu Dabbab mai yashi da ciyawar ruwa inda manyan kunkuru ke kiwo, yara na ganinsu daga saman ruwa ma.

Amma a Masar ɗin akwai wuraren da za a tallata muku da ba naku ba ne. Ramin nan na kusa da Dahab da ake kira Blue Hole zurfinsa ya kai mita 100, ya ci rayukan masu nutso da yawa har da gwanaye. Jirgin ruwan Thistlegorm da ya nutse a 1941 yana kwance a wajen mita 30, ya wuce iyakar yaranki duka. Wasu sassan gandun Ras Muhammad ma ruwa na ja da ƙarfi. Babban zai roƙa don su ne suka cika bidiyo, ki ce masa sai ya girma ya tara gogewa.

In kuna da niyyar Umra, Jidda ma bakin wannan tekun take kuma akwai cibiyoyin nutso a yankin Obhur arewacin garin. Zanzibar kuma garin Musulmi ne mai daɗin zama da iyali, sai dai wurin da ya fi suna wato kewayen tsibirin Mnemba sai an hau kwale-kwale, kuma a kauce wa Afrilu da Mayu lokacin ruwan sama mai yawa. A Masar dogon hutun Agusta zafi ne sosai har 40, mu 'yan Kebbi ba baƙonmu ba ne amma rana a bakin teku na ƙona fatar yara ba su sani ba, a yawaita shan ruwa. Hutun Disamba kuma garin da daɗi amma ruwan ya ɗan yi sanyi, yaro siriri zai fara rawar ɗari da wuri, sai a ba shi riga mai kauri.

Kafin ku tura ko sisi ki rubuta wa cibiyar ki tambaya: ɗalibai nawa ke hannun mai koyarwa ɗaya, in da yara ni ban son ya wuce biyu. Suna da kaya daidai jikin yara ko na manya za a ɗaure musu. Akwai iskar oksijin ta gaggawa a wurin. Ina asibiti mafi kusa mai ɗakin matsin iska da ake saka wanda ya taso da sauri iskar naitirojin ta taru a jininsa, Sharm da Hurgada duk suna da shi. Ki kuma tambayi mace mai koyarwa saboda 'yarki, ana samu in an nema da wuri, rigar nutso ma tana rufe jiki daga wuya har idon sawu kuma ana ɗora hular kai. A yi inshorar tafiya wadda ta ambaci nutso ƙarara.

Ke kanki Hajiya kar ki zama mai gadin jaka kawai. Akwai jirage masu gilashi a ƙasa da za ki ga komai ba ki jiƙe ba, ko ki sa rigar ceto da tabaran ruwa da bututun shaƙar iska ki kwanta a saman ruwan da bai wuce ƙirjinki ba mai koyarwa na riƙe da ke. Sannan a tsara ranar ƙarshe ba nutso, masana sun ce aƙalla awa 18 tsakanin nutso da hawa jirgin sama in an yi fiye da sau ɗaya, ku bar kwana guda cur ya fi.

TAMBAYA: Anti ɗana mai shekara 12 yana da sikila, zai iya irin wannan nutson in lafiyarsa ƙalau? Daga wani uba, Gusau.

AMSA: Malam Allah ya ƙara masa lafiya, amma a'a. Sanyin ruwa, gajiya, ƙishirwa da canjin matsin iska duk abubuwa ne da ke tada ciwon, kuma in ya tashi a ƙarƙashin ruwa ba a iya fito da mutum da gaggawa. Likitocin nutso ba sa amincewa mai SS ya shiga da tukunya. Jirgi mai gilashi zai nuna masa kifayen nan duka, in kuma wasan bakin ruwa ne a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, likitansa ya fara yarda tukunna.

TAMBAYA: Anti mu ba mu da halin fita waje, in na sayo kayan ta intanet ba za mu iya yi a dam ɗin Bakolori ni da ƙannena ba? Daga wani matashi, Talata Mafara.

AMSA: Ƙanina dan girman Allah kar ku yi. Ruwanmu na dam da gulbi laka ce, mita ɗaya ba ka ganin tafin hannunka, ƙasan kuma cike yake da tsofaffin taru da ƙugiyoyi da kututturan itace da za su riƙe tukunyar a bayanka, kusa da ƙofofin dam ruwa na zuƙa da ƙarfin da ba mai iya kufcewa, ga tsargiya da ake kwasa a irin wannan ruwan. Ita tukunyar ma iska ce da ake tacewa a matsa da injin musamman, in hayaƙin janareto ya shiga ciki mutum zai iya suma a ƙasa ba tare da ya ji alamar komai ba. Kuɗin kayan nan ka kai ƙannenka su koyi iyo sosai a fulin wanka mai mai gadi, don a yawancin kwas ɗin nutso sai an gwada ka da iyon kamar mita 200 da tsayuwa a saman ruwa minti 10 kafin a ba ka satifiket, shi kwas ɗin kansa kwana uku zuwa huɗu ne duk ranar da Allah ya hore tafiyar.