Lamba biyu tana ƙara a Hilux: a canza zoben tagulla ko a sayo wani giyabos?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina jan Hilux mai giyar hannu, ina jigilar kaya tsakanin Jidda da Makka. Kwanan nan duk sanda zan sa lamba biyu sai in ji "ƙarrr", musamman in na sauko daga uku. Sauran giyoyin lafiya lau. Wani bakanike a Sina'iyya, unguwar garejoji, ya ce nahasa ce ta cinye, wato zoben tagullan da ke daidaita gudun giya, wani kuma ya ce kar in wahalar da kaina, in je tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, in sayo giyabos sukutum. Ana iya canza ta ita kaɗai? Kuma zan iya da kaina, tunda ina ɗan taɓa kanikanci? Direba, daga Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Bakaniken farko ya fi kusa da gaskiya, kuma ana canza ta ita kaɗai. Amma kafin a sauke giyabos, ka fara wanke kuloci daga zargi.

Motar tana tsaye inji na aiki, taka kuloci har ƙasa, ɗan dakata, sannan ka sa ribas. A yawancin tsofaffin giyabos ɗin nan ribas ba ta da zoben daidaita gudu, don haka ita ke fara tona asirin kulocin da ba ya saki sosai. In ta yi ƙara, ko lamba ɗaya ta yi tauri, duba man kuloci da famfunansa na sama da na ƙasa, wataƙila iska ce ta shiga. In ribas ta shiga sumul, hau titi. Lokacin saukowa daga uku, taka kuloci ka dawo firi, saki kulocin, ɗan ba da wuta, sake takawa ka sa biyu. Idan ta shiga ba ƙara, to zoben ne, domin aikin da ya kasa yi ne ka yi masa da ƙafarka.

Aikin nasa ga shi. A jikin kowace giya akwai wani ɗan tudu mai siffar mazurari, zoben tagullan yana zaune a kansa. Da ka tura sanda, zoben ke fara damƙar tudun, kamar ɗan ƙaramin burki, har gudun giyar ya zo ɗaya da na shaf, sannan ya ba hannun riga, wato zagayayyen ƙarfen da ke zamewa ya kulle giyar da shaf, hanya ta hau haƙora. A cikin zoben akwai siraran zare da ke yanka man giya don tagulla ta kama ƙarfe. In zaren ya shafe, sai zoben ya riƙa sulɓi, haƙora su haɗu kowa da gudunsa. Lamba biyu ce ta fi shan wahala, saboda tazarar gudu tsakaninta da maƙwabtanta tana da yawa, ga shi ita ake ta sawa ana cirewa a cunkoson Makka, balle mai hawa dutsen Hada da lodi zuwa Ɗa'ifa.

Juye man a roba mai tsabta ka kai shi rana. Ka fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, kar ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwantuwa. In ka ga ƙyalli kamar garin zinariya, tagulla ce. Maganaɗisu ba ya kama ta, saboda haka in ka tarar da ɓarɓashin ƙarfe manya manya a jikin notin juyewa, akwai abin da ya wuce zobe: boris ko haƙori.

Batun yi da kanka, zoben ba shi da tsada, isa wurinsa ne aikin. Sai an cire furofela da sanda da sitata da famfon kuloci, an tallafi giyabos da jak an sauke shi. A irin na Toyota mai faranti a tsakiya, ana cire murfin baya da na gaba, a damƙe farantin a bayis, shaf biyu suna rataye a jikinsa. Nan ne sabon hannu ke yin asara. Akwai 'yan ƙananan boli da sifirin da ke riƙe sandunan cokulan giya, da wasu 'yan fil tsakanin sandunan masu hana giya biyu shiga lokaci guda. Da maganaɗisu ake zaro su, kowanne a sa shi a ledarsa a rubuta inda ya fito. Wanda ya manta fil ɗaya, ranar da giya biyu suka shiga tare giyabos ya kulle. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki, kuma ka jera kayan a kan kwali yadda suka fito, fuskar gaba tana kallon gaba.

Giya ta biyu tana tsakiyar shaf, ta baya ake isa gare ta, bayan an fitar da ta biyar da boris ɗin tsakiya da ta ɗaya. Cibiyar da hannun rigar ke zamewa a kai matse take, injin matsi ke fitar da ita. Guduma ba ta da wuri a nan. In ba ka da injin, ɗauki shaf ɗin ka kai warsha, wato garejin da ke da injin, su cire maka su mayar, ka yi sauran da kanka. Ni a ganina wannan rabon aikin shi ya fi dacewa da mai ɗan taɓawa irinka.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe: kada ka yarda da ido, auna. Ɗora zoben a kan tudun giyarsa da ɗan mai, danna ka murɗa. Mai kyau zai cije, wanda ya mutu zai yi ta juyawa. Sai ka zura siraran ƙarafan awon tazara tsakanin bayan zoben da haƙoran giyar. Sabon zobe kan bar wajen milimita 1 ko fiye. Mafi ƙarancin da Toyota ta yarda da shi ya bambanta da irin giyabos, tsakanin 0.5 da 0.8, sai ka bi littafin motarka. Sabon ma a auna shi, domin in tudun giyar ne ya cinye, sabon zobe zai nutse kamar tsohon, kuɗinka ya tafi a banza. Duba bakin haƙoran hannun rigar da na giyar. Asalinsu masu tsini ne kamar rufin ɗaki. In watannin da ka yi kana tura ta da ƙarfi sun dakushe su, zobe kaɗai ba zai hana ƙara ba, wata rana ma giyar ta fara fita da kanta. Tazarar cokali da ramin hannun riga kada ta wuce milimita 1. 'Yan makullai uku da sifirin biyu da ke cikin cibiyar, canza su kawai, ba su kai a yi musu rowa ba. Wajen haɗawa, makullan nan uku dole su faɗa cikin ramuka uku na zoben kafin a matsa, in ba haka ba zoben ya fashe tun bai ga titi ba.

Ka sayi na wakala, wato na wakilin kamfanin Toyota, ka tafi da lambar shasi. Zobban suna kama da juna a ido amma ba ɗaya ba ne, kuma a wasu giyabos na baya bayan nan na lamba biyu gida uku ne, tare ake canza su. Tunda an riga an buɗe, auna na ɗaya da na uku, a sa sababbin sil gaba da baya, a leƙa farantin kuloci.

Mai kuma 75W-90. In ka samu GL-4 shi na fi so, domin tagulla ta fi kamawa da shi. Kaurin man nan na difaranshal da wasu masu canjin mai ke ɗurawa wai don zafin Hijaz, shi ke sa giya tauri da safe, zobe ya yi ta wahala.

Giyabos ɗin tashlih yana da ranarsa: in an buɗe an ga giyoyi biyu ko uku da boris duk sun tafi, lissafi zai iya komawa can. Sai dai ka sani shi ma wani ne ya ja shi shekaru, ba ka san yadda lamba biyunsa take ba sai an ɗora. In za ka saya, a rubuta maka kwanakin gwaji a takardar ciniki, kuma ka sa a juye mansa a gabanka.