Ma'aikaciyar da aka haɗa ƙaninka da ita, mene ne aikinta?

Malam, ka ce an sallamo ƙaninka daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware bayan jinyar tiramol, kun dawo Gusau, an haɗa ku da wata ma'aikaciya mai bibiyarsa, kana tambayar amfaninta tunda likita ya gama.

Ai likita bai gama ba. Watannin farko bayan sallama sun fi haɗari: jiki ya daina sabo da ƙwayar, in ya koma ya haɗiyi adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa, tiramol kuma tana jawo farfaɗiya. Nan aikin ma'aikaciyar yake. Ita za ta riƙe ranar komawa asibiti, ta kira in bai je ba, ta tambayi yadda yake barci, ta gano ko ciwon bayan da ya fara kai shi ga ƙwayar yana nan, ta sanar da likita. Za ta zauna da mahaifiyarku ma, don gori a gida kan mayar da yaro majalisar da ya baro.

Kada ku ɓoye mata komai don kunya. Ko a aljihun wandonsa kuka ga fankon katin ƙwaya, ku kira ta ran nan; ba 'yar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba ce.