Inji Ya Ci Yatsun Ƙanena, Maigida Na Mana Barazana da Shige da Fice

Tambaya: Barista, ƙanena ɗan Damagaram ne, yana aiki a wata masana'antar casar shinkafa a Gombe. Inji ya datse masa yatsu biyu. Maigidan ya biya kuɗin ɗinki, ya ce magana ta ƙare, in muka ƙara tayar da ita zai kira jami'an shige da fice. Baƙo yana da hakki kuwa?

Amsa: Malam, Allah Ya ba shi lafiya. Yana da hakki. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ba ta ce sai ɗan Najeriya ba. Ma'aikaci a wurinta shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da baki ko a rubuce, ko da ɗan aikin yini ne ko mai koyon sana'a. Hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ce ke biyan diyyar daga asusun da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya, kuma haramun ne a zare kuɗin daga albashin ma'aikaci.

Lokaci ne ya fi kayar da mutane. Cikin kwana 14 da raunin, ya sanar da maigidan a rubuce: rana, wuri, da yadda abin ya faru. Ku riƙe kwafi, ku kuma tura ta WhatsApp don ranar ta fito. Shi maigidan kwana 7 doka ta ba shi ya kai rahoto NSITF. In ya ƙi, ku je ofishin hukumar da kanku, kafin shekara guda ta cika.

Masu irin wannan aiki galibi ba su da takardar ɗauka, a hannu ake biyansu, don haka maigida kan ce bai ma san yaron ba. Ku tanadi katin asibiti, rasit, hoton hannun da na injin, rahoton likita da ya faɗi girman nakasar, da lambobin abokan aiki biyu da suka gani. Ku karɓi lambobin yau, domin mai tsoron rasa abincinsa gobe zai ce bai ga komai ba.

Batun barazanar kuwa, ba zan ce muku babu haɗari ba. In takardun zamansa ba su cika ba, hukumar shige da fice na iya bincikarsa, shi ya sa ya kamata lauya ya duba su kafin ku ɗaga ƙafa. Amma wanda ya ɗauki baƙo aiki ba bisa ƙa'ida ba shi ma yana da amsar bayarwa, kuma yawancinsu sun san haka. Ku adana duk saƙon barazana. In ya riƙe masa fasfo ko katin shaida don ya tilasta shi aiki, wannan na NAPTIP ne, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

Kada ya dangwala yatsa a takardar yafiya. Doka ta ce yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe diyyarsa ba ta da inganci, sai dai tana jawo doguwar jayayya.

Idan masana'antar ba ta yi rajista da NSITF ba, ko injin ba shi da murfin kariya, akwai hanyar ƙarar sakaci a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ba a bin hanyoyin biyu tare, ɗaya ake zaɓa, don haka kada ya cike fom sai lauya ya auna wacce ta fi masa. In babu kuɗin lauya, ku nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, ku tafi da duk takardun.